Yadda ake ƙiyasta ƙarfin keta iska na dogon harsashin darma

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyya ne a nan Sakkwato, kakana kuma mafarauci ne mai bindigar toka. Na ji cewa a da ana gasar harbi har nisan yadi 1000 da bindigar da ake ɗurawa ta baki. Yaya ake gane ƙarfin keta iska na irin wannan harsashi, tunda zuba shi ake yi da hannu, babu kwalin kamfani?

Amsa: Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne. A 1874 'yan Ayilan, riƙe da bindigogin ɗuri ƙirar Rigby, sun kara da Amurkawa a filin harbi na Creedmoor a Amurka, a nisan yadi 800, 900 da 1000, maki uku kacal suka raba su.

Lambar da kake nema, wadda ake kira ballistic coefficient da Turanci, ake taƙaitawa da BC, tana nuna yadda harsashi ke riƙe gudunsa a gaban iska. Farkon lissafin ba wuya. Ka mayar da nauyinsa zuwa fam, ka raba da kaurinsa na inci da aka ninka da kansa. Ɗauki harsashin Whitworth na Ingila: nauyinsa giren 530, kaurinsa inci 0.451. Giren 7000 ne fam ɗaya, sai ka samu kusan 0.37. Dunƙulallen harsashi mai kusan wannan kauri bai kai 0.10 ba, shi ya sa yake saurin gajiya.

Daga nan sai ka raba da lambar siffa, wato yadda hancinsa yake in an gwada shi da harsashin awo da ake kira G1. In sun yi kama, lambar tana kusa da 1. In hancin ya fi dakushewa sai ta haura, BC ta sauka.

Nan takarda ke fara yaudara. Darma tana da laushi, bugun albarushi yana dannata ta kumbura ta cika bututu, hancin ma yakan ɗan zauna. Abin da ka auna a tafin hannu ba shi ne ya fita ba. Ga kuma gudu: irin waɗannan harsasai suna fita da kimanin ƙafa 1200 zuwa 1300 a daƙiƙa, kaɗan sama da gudun sauti, kuma ba su yi nisa ba suke faɗowa ƙasa da shi. A wannan tsakanin turjiyar iska ba ta da tabbas, don haka lamba ɗaya ba ta isa tafiyar duka. Ni na fi yarda da awo: na'urar auna gudu a bakin bindiga da wata a yadi 100, ko a duba yawan faɗuwar harsashi a nisa biyu, a yi ta gyara lambar har lissafi ya dace da ramin da ke jikin allo.

Kada ka manta teburan lissafin harbi an gina su kan zafin digiri 15 a gaɓar teku. A bazarar Sakkwato, zafin digiri 40 kaɗai yana sa iska ta fi sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100, harsashi zai sauka sama da inda ya sauka da asubahin hunturu.

Bindigar kakanka kuwa cikinta sumul yake. Dogon harsashi sai da tsagi mai murɗa shi, kamar na Whitworth mai juyi ɗaya a inci 20. In babu wannan, tungurguma zai yi a iska, lissafin nan kuma bai shafe shi ba.