Amsa: Gurnanin da ke shiga sautin shiri

Malam, gurnanin da ka ce yana bin muryar mai gabatarwa a sutudiyonku na Katsina, da wuya laifin makirfo ne. Wutar lantarkinmu a kan 50Hz take, wato tana kaɗawa sau hamsin a kowace daƙiƙa, wannan kaɗawar kake ji. Yakan faru idan kyamara da mikisa (na'urar haɗa sauti) suna shan wuta daga soket daban-daban, ko wayar sauti ta kwanta jikin wayar wuta.

Mayar da kyamarar da mikisar soket ɗaya mai haɗe da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Sa wayar sauti ta XLR mai ƙafa uku. In dole wayar sauti da ta wuta su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

Don Allah kada ka karya ƙafar fulogi ta uku, wadda ke haɗe da ƙarfen ƙasa. In ka karya ta, gurnani kan tafi, amma wuta na iya jan mai riƙe da makirfo.