Jadawalin da maigidana ya manna a bayan ƙofa ya hana ni sakat

Anti, barka da aiki. Wallahi na gaji. Shekarata 36, ina da aure da yara, ina kuma zuwa aiki. Bara likita ya tabbatar min ina da ADHD, wannan matsalar ta kasa tsayar da hankali wuri guda. Ranar har kukan daɗi na yi, a zatona an daina ce min malalaciya ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Maigidana da ya ji, sai ya ce ai an gano bakin zaren. Ya zauna a kwamfuta ya tsara min jadawali, ya buga a takarda, ya manna a bayan ƙofar ɗaki. Abu 27 ne a kai, Anti, na ƙirga. Biyar da rabi gyaran gado, shida saura kwata ninke kayan jiya, shida guga, haka dai har goman dare. Kowanne da ɗan akwatin da zan sa wa alama. Ya kuma saita min ƙararrawa 11 a waya. Yanzu da ta yi ƙara kashewa nake yi, ban ma duba me take tuna min ba.

Kullum da safe sai in tsaya gaban takardar nan ina kallonta. Ba wai ban san abin yi ba ne, na sani sarai, amma jikina ya ƙi motsi kamar an dasa ni. Kafin in farga bakwai ta yi, ina neman makulli, ina neman takalmi ƙafa ɗaya. Da dare ya dawo ya tsaya ya ƙirga akwatunan da na sa wa alama. Ba ya faɗa, ba ya zagi, da ma faɗan zai yi da ya fi min. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Maman yara, yau ma tara kawai?" Wannan "yau ma" ɗin ita ke kwana da ni.

Na kai kuka wurin yayata, ta ce in gode wa Allah, wane namiji ne zai zauna ya yi wa mace wannan hidima? Na sani ba mugu ba ne. Abin da ke ci min rai ke nan, ba mugu ba ne, ni ce dai na kasa. Ko watan jiya da ya yi tafiyar mako biyu, abin kunya, ko ninki ban yi ba. Kwanduna biyu na ajiye, na masu datti da na wankakku, kowa ya zaro nasa, makulli kuma na ɗaura masa igiya na rataye a marikin ƙofa. Yara dai ba su makara ba ko sau ɗaya, amma da wani ya ga ɗakin nan da na shiga uku. Daren da zai dawo har biyun dare ina ninki ina kuka.

Abu 27, Anti, sauran mata na yin fiye da haka. Ki taimaka min da dabarar da zan tilasta wa kaina bin takardar nan, ko wata manhaja ce ma ki faɗa min.

Taki, wadda ta gaji.

*

'Yata,

Ba zan ba ki manhaja ba. Mai ƙararrawa 11 ba ta bukatar ta 12.

Koma ki karanta wasiƙarki. A tsakiyarta kin ce "yara dai ba su makara ba ko sau ɗaya", kika wuce da sauri kamar kin taka garwashi. Ni a nan na tsaya. Mako biyu babu takarda, babu mai ƙirga miki akwati, gida ya tafi daidai. Abin da kika kira abin kunya shi kaɗai ne tsarin da ya yi aiki a duk labarin nan, kuma ke kika ƙirƙiro shi.

Ba na ɗaukar ɓangare tsakanin mata da miji, kuma na yarda niyyarsa mai kyau ce. Amma ya yi kuskure, kuma ƙirgen da yake yi da dare ya fi takardar illa. Ya ɗauka mantuwa ce damuwarki, shi ya sa ya tara miki tuni. Ke kuwa da bakinki kin ce kin san abin yi. Inda ADHD ke kama mutum shi ne tsakanin sani da farawa: zaɓen abin da za a fara, tashi daga wannan aiki zuwa wancan, riƙe matakai a ka. Masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa lokaci guda bai wuce kamar guda huɗu ba, a wurin kowa ma ke nan. To ina ga wadda nan ne rauninta, an dire mata 27 tun kafin ta wanke fuska? Daskarewar da kike yi gaban ƙofa daga nan take.

Dubi kwandunanki. Tsakanin wanki da saka riga akwai kwasowa, warewa, ninkewa, gogewa, jerawa. Kin yanke huɗu kin bar ɗaya. Makulli kin ajiye shi inda hannu zai taɓa shi dole, ba sai kin tuna ba. Haka za ki bi sauran. Abin da kike amfani da shi kullum ya zauna a fili inda ido ke gani, don abin da aka rufe a durowa a wurinki ya ɓata. Kayan zuwa aiki ki ware kala uku ko huɗu ki riƙa juya su, babu mai lura. Ƙararrawa ki bar biyu, ta tashi da ta fita. Aikin da kika fi tsana ki yi shi lokacin da wani ke zaune kusa yana nasa, ko yana kan waya tare da ke, mutane da yawa masu irin lalurarki sun fi iya farawa a haka. Gugar zanin gado kuwa, in tana cikin takardar, ni na yafe miki.

Bari in juyo gare ku masu karatu, musamman irin yayar nan tata. Kun iya cewa "ai kowa na mantuwa". Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, DSM-5, ya ƙiyasta kusan kashi 2.5 cikin ɗari na manya na da ADHD, kuma ba a tabbatar wa mutum ita sai alamun sun faro tun kafin shekara 12. Wato baiwar Allah nan ta haura shekara 20 tana aiki ninkin naku don kawai a gan ta daidai da kowa, kuna ce mata malalaciya. Haka manya masu galahanga, wato autism, suke fama, hayaniya da sauyin tsari na cinye musu ƙarfi tun rana ba ta take ba. Wanda ƙafarsa ke ciwo rage masa kaya ake yi, ba a ƙara masa a ce ya dage.

Ba ki faɗa min ko kina shan magani ba, ko kin koma wurin likitan tun bara. Ki koma, kuma ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa. Kukan biyun dare ma ki faɗa wa likitan, kada ki ɓoye.

Sannan ki zaunar da shi ranar da babu gajiya, ki ba shi labarin mako biyun nan kamar yadda kika ba ni, ban da kalmar "kunya". Ku ciro takardar tare, ya zaɓi abu uku da in ba a yi su ba gida zai tsaya. Sauran 24, wanda ya dame shi ya ɗauka, tunda Allah ya ba shi baiwar tsari. Ƙirgen dare kuma ya daina daga yau. Ki dawo da kwandunanki, bayan wata guda ki rubuto min sau nawa yaran suka makara.

Antinku