Tambaya da Amsa: Mai Keke a Mahaɗar Hanya

Tambaya: Direba yakan wuce ni sannan ya karya kwana dama a gabana, alhali ni miƙewa zan yi. Yaya zan nuna masa niyyata?

Amsa: Malam, direba yakan fahimci niyyarka daga inda kekenka yake a kan titi tun kafin ka ɗaga hannu. Idan ka manne da gefen titi, zai ɗauka kai ma dama za ka yi, ko ma idonsa ya tsallake ka. Saboda haka tun da sauran tazara ka waiwaya, ka miƙa hannu, ka koma tsakiyar layin domin ya jira a bayanka. Babbar mota kuwa kada ka kutsa ta damarta, domin tayoyinta na baya sukan matse gefen titi yayin kwana.