Tambaya da Amsa: Ma'aunai 30 gare ni, wanne zan riƙe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina bincike kan amfanin masara, na tattara bayanan gonaki 400. A kowace gona na rubuta abubuwa 30, wato ma'aunai: ruwan sama, taki, irin ƙasa, ranar shuka da sauransu. Na yi lissafin dangantaka na Pearson, sai ya nuna ruwan sama ba shi da alaƙa da yawan amfani, abin da hankali ba zai ɗauka ba. An ce mini in gwada ilimin awon bayani na Shannon. Yaya ake yi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Lissafin Pearson dangantakar da ke tafiya a miƙe kawai yake gani. Masara kuwa tana shan wahala idan ruwa ya yi kaɗan, tana kuma lalacewa idan ya yi mata yawa ya kwanta a gindinta. Amfani ya hau sannan ya sauko, hawan da saukowar su cinye juna, sakamako ya fito kusa da sifili.

Claude Shannon ne ya kafa wannan fanni a 1948. Tushensa shi ne entirofi, wato awon rashin tabbas, kuma da bit ake auna shi. A ce kin raba gonakin gida biyu, 200 sun yi kyau, 200 ba su yi ba. Rashin tabbas ɗinki a kan kowace gona bit 1 ne cif. To a ce cikin 200 da aka sa wa taki 160 sun yi kyau, cikin 200 da ba a sa ba 40 kacal. Da zarar an gaya miki ko an sa taki, rashin tabbas ya sauko zuwa bit 0.72. Ragin 0.28 ɗin da aka samu shi ake kira bayanin tarayya: abin da sanin taki ya rage miki na duhu game da amfani. Bai damu da ko dangantakar a miƙe take ko a lanƙwashe ba, kuma ba ya zama sifili sai idan abubuwan biyu ba su da wata alaƙa sam.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen yanka lambobi irin na ruwan sama zuwa rukuni-rukuni. Idan kika yanka ruwa kashi 10, amfani ma kashi 10, kin sami akwatuna 100, kowanne da gonaki huɗu a matsakaici. Da irin wannan ƙarancin, ko lambobin da ba su haɗa komai ba za su ba ki kusan bit 0.15 na ƙarya, fiye da rabin abin da taki ya bayar a misalinmu. Kimanta wannan kumburi da kanki: rage ɗaya daga adadin rukunan kowane ɓangare, ninka su, raba da ninki biyu na adadin gonaki, sannan ki sake rabawa da 0.693. Da kashi 4 da 4 kumburin ya koma kusan 0.016. Ki yanka yadda kowane rukuni zai sami gonaki daidai da na ɗan'uwansa.

Wannan matsalar ce ke sa lambar gona ko sunan manomi su zo na ɗaya idan aka jera ma'aunai bisa bayanin tarayyarsu da amfani, tunda kowanne gona ɗaya tak yake nunawa. Cire su tun kafin ki fara.

Idan harshen kwamfuta na Python kike amfani da shi, kunshin scikit-learn na da umarnin lissafa bayanin tarayya mai suna mutual_info_regression, wanda ba ya buƙatar yanka. Yana bin hanyar maƙwabta mafi kusa ta Kraskov da abokan aikinsa ta 2004, kuma maƙwabta 3 yake ɗauka idan ba ki canza ba. Gwada 3, 5 da 10, ki ga ko jerin ya tsaya yadda yake. Ki gaya masa ma'aunan da rukuni ne, kamar irin ƙasa, in ba haka ba zai ɗauke su a matsayin lambobin awo. Sakamakonsa da nat yake fitowa, wato wani awon bayani dabam da bit, sai ki raba da 0.693 ki sami bit.

A ganinmu matakin da bai kamata a tsallake ba shi ne gwajin cakuɗawa. Ki hargitsa layin amfani yadda kowace gona za ta ɗauki sakamakon wata, ki sake lissafi, ki maimaita sau 1,000. A kowane zagaye ki ajiye lamba mafi girma da ta fito cikin ma'aunai 30 ɗin. Ma'aunin da lambarsa ta gaskiya ta zarce kashi 95 cikin 100 na waɗannan, shi ne abin riƙewa.

Ko bayan haka, kada ki ɗebi biyar na sama ki tafi. Ruwan Yuli, ruwan Agusta da jimillar ruwan damina duk za su hau sama, alhali kusan labari ɗaya suke bayarwa. Ɗauki na farko, sannan kowane mai biyo baya ki cire masa matsakaicin bayanin da yake tarayya da waɗanda kika riga kika zaɓa. Wannan ita ce hanyar mRMR da Peng, Long da Ding suka wallafa a 2005. Akwai kuma akasin haka: ma'aunin da ba ya nuna komai shi kaɗai, sai an haɗa shi da wani. Ranar shuka na iya zama haka, domin tasirinta ya danganta da lokacin da ruwa ya zauna. Irin waɗannan sai a auna su bibbiyu, ko a raba gonakin bisa ɗayan a auna ɗayan a cikin kowane kaso.

Ki ware gonaki 100 gefe tun farko, kada zaɓen ma'aunai ya taɓa su, da su za ki jarraba abin da kika zaɓa. Wajen rubuta sakamako kuma, bayanin tarayya ba ya nuna ko abu ƙara amfani yake ko rage shi, balle ya tabbatar shi ne sanadi. Manomin da ke da kuɗin taki sau da yawa shi ke da kuɗin ingantaccen iri da na 'yan noma. Don haka ki zana hoton kowane ma'aunin da kika riƙe tare da amfani, ki fara da na ruwan sama, ki duba daidai inda layin ya fara saukowa.