Ciwon da ya hana ni alkama zai raba ni da ƙawayena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Bayan na daɗe ina fama da kumburin ciki da gudawa da ƙarancin jini, an yi mini gwaji aka tabbatar ina da cutar siliyak, aka ce in bar duk abin da aka yi da alkama. A gida ina iya kiyayewa, amma ni da ƙawayena mun saba fita cin abinci duk ƙarshen wata, kuma yanzu na fara kawo uzuri don kada in je, saboda ina jin nauyin yi wa masu abinci tambayoyi a gaban jama'a, wasu ma cewa suke yi tsirfa ce kawai. Ina neman shawara. Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ban goyi bayan ki daina fita da ƙawayenki ba, domin wannan lalura ce da za a zauna da ita tsawon rai, kuma ba zai yiwu ki yanke zumunci tsawon rai saboda ita ba.

Batun tsirfa kuwa ba shi da tushe. Alkama da sha'ir, da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rai, suna ɗauke da sinadarin gulutin, wanda idan ya shiga cikin mai siliyak sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci. Daga nan ƙarancin jininki ya samo asali. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya bayyana alaƙar cutar da alkama a rubutunsa na 1950, kuma har yau ba ta da magani sai ƙauracewa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda a kira abinci marar gulutin ba sai idan gulutin ɗin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, saboda haka duk wanda ya ce miki ɗan kaɗan ba zai yi komai ba, bai san cutar ba. Ɓarnar tana iya aukuwa a hanji ko da ba ki ji ciwo a ranar ba.

Abin da ya sauƙaƙa mana lamarin shi ne gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da doya da rogo duk ba su da gulutin. Don haka ki riƙa zama mai ba da shawarar inda za a je, ki karkata ga gidajen abincin gargajiya, inda tuwon shinkafa, sakwara, shinkafa da wake, alala da farfesu suke. Wuraren shawarma, burodi, taliya da kek sun fi wuyar sha'ani, haka ma gidajen abincin Sin, domin baƙin romon waken suya da suke zubawa a kusan kowane girki yawanci da alkama ake haɗa shi.

Sai dai inda aka fi yin tuntuɓe shi ne abincin da muke ɗauka namu ne tsantsa. Yawancin ɗanwaken da ake sayarwa yanzu da filawa ake kwaɓa shi. Akwai masu ƙara filawa a ƙullun masa, akwai masu gauraya garin tuwon masara da semo don ya yi danƙo, kuma abin da ake kawowa da sunan dambu wani lokaci kuskus ne. Kazar da aka turbuɗa a filawa kafin a soya ba taki ba ce. Lemon molt da ake ta miƙa wa mata a wurin taro daga sha'ir ake yin sa. Ƙosai ba shi da laifi a kan kansa, amma idan a man da aka soya fanke ko sambusa aka tsamo shi, ya gurɓace. Haka tsire da balangu, matuƙar mai naman da wuƙa ɗaya yake yanka gurasa da nama a kan katako ɗaya. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya ma suna da alkama, don haka ki karanta takardar waɗanda aka fi amfani da su, ki san wanda ya kuɓuta.

Kada ki tambayi mai kawo abinci ko akwai gulutin, domin zai iya cewa babu alhali bai gane kalmar ba. Ki ce masa, "Don Allah a tambayar mini mai girki, an sa filawa ko semo ko alkama a wannan? Likita ne ya hana ni." Mutanenmu suna girmama dokar likita, kuma a ganina wannan jimlar tana rufe bakin mai surutu fiye da dogon bayani. Idan kina jin nauyin yin haka a gaban mutane, ki buga waya tun da rana, ko ki riga sauran isa. In amsar ta zo da kame-kame, ki zaɓi abin da idonki ke iya tantancewa, kamar farar shinkafa, dafaffen ƙwai, dafaffiyar doya ko 'ya'yan itace.

Su kuma ƙawayen, ki yi musu bayani sau ɗaya a natse, ba a kan teburin cin abinci ba, kamar yadda mai ciwon sukari ke sanar da nasa halin. Ki nemi ɗaya daga cikinsu wadda kuka fi shaƙuwa ta riƙa tsaya miki idan wata ta matsa sai kin ɗanɗana. Ranar da aka haɗu a tire ɗaya, ki fara ɗibar naki da cokali mai tsabta kafin hannuwan da suka taɓa burodi su shiga, kuma ki riƙa ɗan taɓa abinci kafin ki fito, da gyaɗa ko dabino a jaka, domin yunwa ce ke sa mutum ya karya doka.

Wannan cuta tana bin jini, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita na ciki ɗaya suna iya kasancewa da ita. Ki shawarci naki su je gwajin jini, amma kada su daina cin alkama kafin a gwada su, domin hakan yana ɓoye cutar a sakamakon gwajin.