Amsa ga ƙanwata da ta ce addu'a ta ƙi fita daga bakinta

Ƙanwata cikin bangaskiya, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kin rubuta cewa tun da maigidanki ya rasu, in dare ya yi kika durƙusa babu abin da ke fitowa sai kuka, har kina tambaya ko zunubi ne ki ji haushin Allah. Na karanta, jikina ya yi sanyi, don ni ma gwauruwa ce, a nan Zuru nake zaune da 'ya'yana tun da 'yan bindiga suka kashe babansu a hanyar gona, can ƙasar Danko-Wasagu.

Ba zunubi ba ne. Ki buɗe Zabura 88 ki karanta har ƙarshe. Mai zaburar nan ya ce wa Allah kai ne ka raba ni da abokaina da ƙaunatattuna, ya rufe maganarsa da duhu, ko "halleluya" ɗaya bai sa ba, kuma an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura 13 ma da "har yaushe" ta fara. In ba ki da kalmomin kanki, ki ari nasu. Ni haka na riƙa yi, ina karantawa da ƙarfi da fitilar waya bayan yara sun yi barci.

Lokacin zaman makoki gida cike yake, kowa na ta'aziyya. Sai an watse za ki san mene ne kaɗaici. Amma ni, gaskiya, ba mutuwar ce ta fi karya ni ba, wan mijina ne. Ba a daɗe da jana'iza ba ya zo da mota ya kwashe dawa da masarar da ke rumbu, wai zai ajiye wa marayu. Ya ɗauki babur ɗin marigayi, ya ce mace ba ta da abin yi da shi. Da na yi magana, ya ce a gaban mutane ai ni baƙuwa ce a gidan, in na ga dama in koma gidan ubana in bar musu 'ya'yansu. Baƙuwa! Ni da na yi noma da ɗan'uwansa, na haifa musu 'ya'ya, na yi jinyar uwarsu har ta cika a hannuna. Kuma ranar Lahadi mutumin nan yana kujerar gaba a sujada, shi ke tashi ya yi addu'ar baiko. Ina zaune a baya ina kallon ƙeyarsa, in an ce "amin" bakina ba ya motsi. Ƙaramin ɗana ya taɓa ganin babur ɗin a ƙofar majami'a ya ruga da gudu yana kiran Baba. Ranar nan ban san yadda na kai gida ba. Har yau in na tuna ƙirjina zafi yake yi. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon gafartawa, amma ba zan yi miki ƙarya in ce na gama ba.

Ki ci abinci, don Allah. Iliya da kansa ya zauna a jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa (1 Sarakuna 19), mala'ika bai yi masa wa'azi ba, cewa ya yi tashi ka ci, ya ba shi waina da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya. Kada wani ya ɗora miki dogon azumi yanzu da jikinki ya rame.

Sannan masu zuwa su ce "ki daina kuka, kamar ba mai bi ba", ki ƙyale su. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Abokan Ayuba ma kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru su ne alherinsu, da suka buɗe baki suka ɓata komai.

Wadda ta taimake ni wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata. Ba ta iya karatu ba. Takan zo da yamma da gyaɗarta, mu zauna muna ɓara, ba ta ce mini komai sai "sannu 'yata". Ita ta ja ni na koma koyon waƙa. Da farko tsayawa kawai nake yi ana kaɗa tulu, daga baya muryata ta dawo. Ki nemi irinta a ikkilisiyarku, ba lallai sai matar fasto ba.

Af, in akwai takardar fili ko ta gida, ki ɓoye ta tun yanzu, ki kuma sa dattawan ikkilisiya da mai unguwa su shaida abin da marigayi ya bari, a rubuce. Fitowa 22 ta ce Allah yana jin kukan gwauruwa da maraya, amma gwauruwar da ke Luka 18 ba ta zauna a ɗaki ba, ta yi ta sintiri wurin alƙali har ya gaji.

Ba ki faɗi ko kina da yara ba, ko a wane gari kike. Ki gaya mini, wataƙila akwai wata 'yar'uwa mai bi da ke kusa da ke.