Amsa ga mai tambaya kan tsayar da fanshon mahaifinta

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta abin da kika rubuta, cewa Baba ya yi ritaya lafiya bayan shekara 35, yana ta karɓar fanshonsa, kwatsam aka tsayar wai an gano ɓatan kaya a sito zamanin da yake riƙe da makulli. Wallahi sai da idona ya ciko, domin irin ta ce ta same ni.

Ki fara riƙe wannan: zargi daban, hukunci daban. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 173 ga ma'aikacin tarayya, na 210 ga na jiha, ya ce ba a riƙe wa mutum fansho ko giratuti, ba a rage masa, sai iyakar abin da wata doka ta halatta. To su faɗi dokar. Ku rubuta musu, ku nemi amsa a rubuce, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

Ni wanda ya yi min wannan aiki yaro ne da na koya wa cike takardar fitar da kaya da hannuna. Da ya zama darakta, ya sa hannu aka tsayar da kuɗina ba tare da ko takardar tuhuma ba. Na je ofishinsa ana gab da azumi, ya bar ni zaune a kan benci tun hantsi har aka kira la'asar, sannan ya fito ya wuce ni yana waya, ko kallo ban ishe shi ba. Masinja ne ya kawo min ruwa. A watan nan maganin hawan jinin uwargida ya ƙare, na rasa kuɗin saye, na kasa gaya mata dalili. Har yau in na tuna bencin nan ƙirjina zafi yake. Na bar shi da Allah.

Ki duba takardar barin aikin Baba da kyau. Kora ce ke jawo asarar hakkoki a ƙa'idojin aikin gwamnati, ita ma sai an ba mutum takardar tuhuma, ya kare kansa, kamar yadda sashe na 36 ya tanadi jin ta bakin kowa. Wanda ya fita da takardar ritaya mai tsabta, da wane kwamiti aka zauna da shi? In suna da hujjar sata, ga kotu nan.

Tsohon tsari yake ko sabo? In na karo-karo ne da aka fara a 2004, kuɗin na cikin asusu da sunansa a kamfanin fansho, sai ku kai kuka PenCom, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin fansho. In tsohon tsari ne na tarayya, PTAD ce, hukumar da ke biyan 'yan fanshon tsohon tsari. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ce. Ni dai sai da lauya ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kafin aka saurare ni. Kada ku yi jinkiri, lauyoyin gwamnati na son fakewa da cewa lokaci ya wuce.

Don Allah kada ku bar shi ya riƙa zuwa ofishin nan shi kaɗai, kuma kada ya sa hannu a wata takardar amincewa da cire kuɗi sai lauya ya gani. Ku lura da cin abincinsa da barcinsa. Allah Ya fitar da shi.